In Za Ka Iya, In Za Ka Yarda

Ajin dare a Gwammaja.
Janareton maƙwabta yana tari a bayan taga,
mu goma sha ɗaya a kan bencin 'yan firamare,
gwiwoyinmu sun fi ƙarfin tebur.
Na yini ina auna yadi a Kantin Kwari,
na zo neman Turancin ciniki, ba wani abu ba.

Malam Ghali ya raba allo gida biyu.
Ya ce Bature in zai gindaya sharaɗi
yana da 'yan kalmomi biyu masu kama da tagwaye,
amma ba nono ɗaya suka sha ba.
Ta farko ƙarfinka take tambaya:
in za ka iya ɗaukar buhun nan.
Ta biyu ba ruwanta da ƙwanji,
ƙofar zuciya take ƙwanƙwasawa:
in za ka yarda ka ɗauka.
Ita wannan, in ji shi, ba ta cika bin bayan "in" ba,
sai ana roƙo, ko ana ƙorafin taurin kai.
Kada ku sa wa wannan rigar waccan.

Wani mai adaidaita a bayana ya ce,
Malam, mu ai "in Allah ya yarda" ta ishe mu.
Aji ya kwashe da dariya.
Ni alli nake kallo yana zuba.

Baba na gani, a Asibitin Murtala,
gado na huɗu daga ƙofa,
da kofin ruwa tazarar taki ɗaya da shi.
Hannun da ya shekara arba'in
yana miƙe wilin keke a Ƙofar Wambai
ya kwanta a kan zani kamar na aro.
Idonsa so, leɓensa so,
duk abin da ya rage a jikinsa so ne.
Hannun ya ce a'a.

A daren na aika wa Yaya Dayyabu saƙo Kaduna:
in za ka iya zuwa, Baba yana cigiyarka.
Ashe ni na shimfiɗa masa tabarmar,
ni na miƙa masa kalmar da zai laɓe a bayanta.
Ya amso, wallahi babu hali.
Mota biyu a gidansa, hanya a buɗe.
Da na san ta biyun
da ita na aika, ko ya ji nauyi.

Mu muna da "babu hali",
bargo ne mai faɗi,
yana rufe gurgu, yana rufe mai ƙiwuya,
ba ka gane ƙafar kowa.

Shekara shida ke nan ban kira shi ba.
Na zauna a bencin ina jin daɗin gaskiyata
har Malam ya ce kowa ya kawo misali daga rayuwarsa,
sai ga Mudi ɗan dako a raina, Larabar da ta wuce,
hula a hannu, a bakin shagona:
Alhaji, in da hali, dubu ashirin,
za a yi wa mai ɗakina aiki.
Na ce masa kasuwa ta mutu.
Hannuna yana aljihu a lokacin,
a kan cinikin ranar, da ɗuminsa.

Ban ɗaga hannu ba.
Na kwafi abin da ke allo, layi biyu, na ja musu layi.

An tashi tara da rabi.
Mai shayi yana kaɗa ƙwai a bakin titi,
an kawo wuta, yara sun yi ihu a lungu.
Waya tana tafin hannuna, da caji, da kati,
lambar Dayyabu tana nan inda na bar ta,
ta Mudi kuma ko ajiyewa ban yi ba.
Babban yatsana lafiyarsa ƙalau,
na motsa shi na gani.

Adaidaita uku sun tsaya, sun gaji, sun wuce.